Kafin ka buɗe baki, buɗe ido

Ciwon haƙori ba ya da haƙuri. Wanda ya taɓa kwana da shi ya sani: ba barci, ba cin tuwo, ko ruwan randa ya taɓa wurin sai mutum ya ji kamar an soka masa tsinke har cikin kunne. In gari ya waye, abu guda ke ransa, wato a fitar da haƙorin nan ko ta wane hali. Shi ya sa in ana yabon mai cirar haƙori a garuruwanmu, abu biyu ake faɗi: hannunsa da sauri, kuɗinsa da sauƙi.

Ƴan uwa masu karatu, a ganina wannan awo bai cika tiya ba. An bar babban abu a baya. Tambayar da ta kamata kowa ya yi ita ce: ƙarfen nan da za a sa mini a baki, daga bakin wa ya fito? Me aka yi masa tsakanin bakin wancan da nawa?

Dalilin tambayar shi ne jini. Ba a cire haƙori ba tare da jini ba. Ko kankare dattin haƙora aka yi, dasashi yana zub da jini. Jini kuwa hanya ce ta cututtuka uku masu nauyi: sida, da ciwon hanta iri biyu, wanda ake kira B da wanda ake kira C. Sida kowa ya ji sunanta, kowa yana tsoronta. Amma a kan ƙarfe, ciwon hanta ya fi ta saurin kamu nesa ba kusa ba. Masana sun lissafta abin da ke faruwa ga ma'aikatan lafiya waɗanda allura mai jinin marar lafiya ta soka. In jinin mai sida ne, kamar mutum 3 cikin 1000 ke kamuwa. In jinin mai ciwon hanta C ne, kamar mutum 2 cikin 100. In kuwa na mai ciwon hanta B ne, abin yana iya kai mutum 30 cikin 100, ga waɗanda ba su yi rigakafi ba. Ƙwayar ciwon hanta B tana da taurin rai. Tana iya kwana 7 da ranta cikin busasshen jini, ko da jinin bai kai ido ya gan shi ba.

Wannan cuta ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ce a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da ciwon hanta B a duniya, miliyan 65 daga cikinsu a Afirka. Mafi yawansu ba su san suna da ita ba. Suna noma, suna kiwo, suna zuwa kasuwa lafiya lau. Ke nan wanda ya tashi daga kujera kafin ka zauna, kana iya ganinsa ƙaƙƙarfa, alhali cutar tana cikin jininsa, shi kansa bai sani ba.

Babban mutum in ya kamu da irin B, sau da yawa jikinsa yana korar ta bayan ya sha jinya, ko da yake akwai waɗanda take kashewa cikin ƴan makonni. Yaro ƙarami shi ne ta fi zaunawa a jikinsa. Irin C kuwa, cikin mutum 10 da suka kamu, kamar 7 tana zama tare da su. Tana da magani yanzu, amma ba ta da rigakafi. Dukansu biyu suna cin hanta a ɓoye, shekara 10, shekara 20. Ranar da ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa, wa zai tuna da haƙorin da aka cire a kasuwa tun yaransa suna goye? Sai a ce sammu ne, a shiga zargin dangi da maƙwabta. A Nijar an sa rigakafin ciwon hanta B cikin alluran jarirai a shekarar 2008. Wanda aka haifa kafin nan, in ba shi ya je ya nema ba, ba shi da wannan garkuwa. Galibinmu masu karanta wannan jarida muna cikinsu.

Yadda ake tsabtace ƙarfe

Mutane da yawa suna zaton in an goge ƙarfe da tsumma, ko an tsoma shi cikin alkol, ko an ratsa shi cikin harshen wuta, ya tsabtata. Ba haka ba ne. Awartakin cirar haƙori yana da gaɓa, yana da ƴan tsage-tsage a baki don ya riƙe haƙori. A nan jini ke maƙalewa, ya bushe. Alkol ba ya ratsa busasshen jini, harshen wuta na ɗan lokaci kuma ba ya kai wa cikin gaɓa.

Aikin ƙwarai hawa-hawa ne. Da farko a wanke ƙarfen da ruwa da sabulu, a cuɗe shi da buroshi har cikin gaɓoɓinsa, a ɗauraye, a busar. In ba a yi wannan ba, duk abin da ya biyo baya aikin banza ne, kamar mai shuka a gonar da bai share ba. Sa'an nan a naɗe shi cikin takarda ko a sa shi cikin akwatin ƙarfe, a shigar da shi tukunyar turara kayan aiki, wadda lokotoro ke kira otokalab. Tukunya ce mai rufewa gam, tururi ba ya fita. Ruwan da muke tafasawa a murhu zafinsa ba ya wuce digiri 100. A cikin wannan tukunya zafi yana kai digiri 121, a bar kaya minti 20 zuwa 30, ko kuma digiri 134 na lokacin da bai kai haka ba. Wannan zafi ne ke kashe kowace ƙwayar cuta, har da masu taurin kai irin ƙwayar tetanos, cutar nan mai sandarar da jiki da sarƙe haƙora, wadda tafasa kawai ba ta isa a tabbata ta mutu ba. A gidajen likita da yawa akwai wani tanda mai busasshen zafi, ana ce masa Pupinel. Shi sai kaya sun yi awa 1 a digiri 170, ko awa 2 a digiri 160. Ana fara ƙirga lokaci bayan zafi ya kai, kuma in aka buɗe ƙofa a tsakiya don a ɗauki abu guda, sai an sake ƙirga daga fari.

To, mu yi lissafi tare, tun da mun koyi lissafi. Daga wanki zuwa turarawa zuwa hucewa, ƙarfe guda ba ya kasa awa 1 kafin ya koma aiki. Mutumin da ya baza tabarma ranar kasuwa, da awartaki biyu da kwanon ruwa guda, ya cire wa mutum 20 haƙori tsakanin hantsi da la'asar, yaushe ya turara kayansa? A ina? Ba sai an yi masa mugun zato ba. Wataƙila mutumin kirki ne, wataƙila gadon gidansu ne, hannunsa kuma da gaske yana da sauri. Lissafin ne ya ƙi fita. Ruwan kwanon nan da yake tsoma awartaki a ciki, wanda ya yi ja tun da hantsi, ba ya wanke kome, sai dai ya gauraya jinin mutum 20 wuri guda.

Haka abin yake ga masu sa haƙorin Makka a gefen hanya. Sau da yawa sai an goge lafiyayyen haƙori kafin a rufa masa ƙarfe. Kayan gugan suna taɓa dasashi. In kuma rufin bai zauna daidai ba, abinci yana shiga ƙarƙashinsa, haƙorin ya ruɓe a ɓoye yana walƙiya a waje.

Farar riga ba shaida ba ce

Kada wani ya ce wannan magana ta ƴan kasuwa ce kaɗai. Gini mai fenti da kujera mai hawa da sauka ba su ne tsabta ba. A shekarar 2013, a garin Tulsa na ƙasar Amurka, hukuma ta shiga wurin wani lokotoron haƙori mai takardar shaida, wanda ya yi shekaru fiye da 30 yana aiki. Ta tarar da kayan aiki masu tsatsa. Ta tarar da tukunyar turara kaya wadda ya kamata a riƙa gwada ta kowane wata, amma an yi shekaru ba a gwada ta ba. Aka aika wa mutum 7000 takarda su zo a auna jininsu. Bincike ya tabbatar da cewa mutum guda ya ɗauki ciwon hanta C a wannan wuri, daga wani marar lafiya da aka yi wa aiki kafinsa. A shekarar 2014, kusa da garin Notingam na ƙasar Ingila, an kira mutum dubu 22 don a auna su, bayan an ɗauki hoton wani lokotoron haƙori a ɓoye, aka ga ba ya wanke hannu, ba ya sake safar hannu tsakanin marar lafiya da marar lafiya.

Waɗannan ƙasashe ne masu kuɗi da wutar lantarki dare da rana. Abin da ya kawo ɓarna a can ba rashin kaya ba ne. Sakaci ne, da daɗewa ba wanda ya leƙa. In haka ta faru a can, ina ga wurin da wuta ke ɗaukewa da tsakar rana, tukunya tana kan aiki? Ma'aikacin ƙwarai, in wuta ta yanke masa turara, yana sake ta daga fari. In kayan da ya turara sun ƙare, yana cewa sauran mutane su dawo gobe. Na san da zafi ga wanda ya biya kuɗin mota tun daga ƙauye. Amma ni dai, lokotoron da ya ce mini «kayana sun ƙare, dawo gobe», shi ne zan koma wa, shi ne kuma zan kai wa iyalina.

Marar lafiya ba ya shiga ɗakin da ake turara kaya. Amma akwai abubuwan da idonsa ke iya gani daga kan kujera. Ya duba ko mai aikin ya wanke hannu da sabulu, ya sa sabuwar safar hannu a gabansa, ya rufe hanci da baki. Safar da ta taɓa bakin wani, ko ta karɓi kuɗi, ko ta ɗauki salula, ta gama aikinta. Ya duba ko kayan ƙarfe sun fito daga naɗi ko rufaffen akwati da aka buɗe a gabansa, ba daga tebur ba inda suke a baje, ƙuda na sauka. A kan naɗin sau da yawa akwai wani ɗan ƙyalle mai layi-layi, wanda ke sake launi in ya sha zafin tukunya. Allurar kashe zafi a ɓare ta sabuwa. Ƴar kwalbar maganin da ake sa wa cikinta ita ma ta mutum guda ce: abin da ya saura zubarwa ake yi, ba a ajiye wa na baya, don jini yana iya komawa cikinta. In an gama, allura ta faɗa cikin kwalin da aka tanada dominta, kada ta bi shara zuwa juji inda yara ke wasa, awaki ke kiwo. Ɗan injin nan mai ƙara da ake ƙwaƙule ruɓa da shi, shi ma yana tsotsar yawu da jini zuwa cikinsa, don haka gogewa ta waje ba ta ishe shi ba, sai an turara shi.

Bayan ido, sai kunne. Lokotoron da ya san aikinsa ba ya kama awartaki sai ya yi tambaya. Kana da hawan jini? Kana da ciwon sukari, ko amosanin jini? In ka yanke, jini yana saurin tsayawa? Wane magani kake sha yanzu? Akwai maganin da ya taɓa sa maka ƙaiƙayi ko kumburi? Mace kuma ya tambaye ta ko tana da ciki. Ba don a kore ta ba: mai ciki ana yi mata aikin haƙori, barin ƙurji a bakinta ya fi aikin haɗari. Ana tambaya ne don a zaɓa mata maganin da ba ya cutar da abin da ke cikinta. Wanda bai tambaye ka kome ba, ya ce «buɗe baki» kawai, haƙorinka ya gani, bai gan ka ba.

Kuma ya kamata ya faɗa maka abin da zai yi da kuɗin da za ka biya tun kafin ya fara, ya rubuta sunanka a littafi, ya ba ka takardar biya. Ba kowane haƙori mai ciwo ba ne na cirewa. Babban mutum haƙora 32 gare shi, wanda ya fita kuma ba ya tsirowa. Ƙaramin rami ana share shi a cike, haƙori ya ƙara shekaru yana tauna. Iyaye su lura da wannan: haƙoran nono 20 ne, amma wajen shekara 6 wani turmi yana fitowa can ƙurya, bayan na nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Wannan na dindindin ne. Da yawa ana barinsa ya ruɓe, ko a cire shi, ana cewa ai zai sake fitowa.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Zai ce: malam, kana maganar tukunya da safar hannu, mu kuwa ina muka ga lokotoron haƙori? OMS ta ƙiyasta cewa a Afirka lokotoron haƙori kamar 3 ne ga mutum dubu 100. A ƙasarmu ba su da yawa, galibinsu kuma suna Yamai da manyan garuruwa irin Maraɗi, Damagaram da Tawa. Manomin da ciwo ya kama tsakiyar damana, ga noma bai ƙare ba, ga hanya ta yanke, mai awartaki na kasuwa shi ne kusa da shi.

Amsata ita ce, tsakanin tabarmar kasuwa da babban asibiti akwai gidan likita na karkara. Majo ba ya cike haƙori, amma yana iya duba baki, ya ba da maganin rage zafi, ya ba da maganin ƙurji in akwai ƙurji, ya rubuta takardar da za a tafi da ita gaba. Wannan yana ba mutum kwanakin da zai shirya tafiya. Abin da ba shi da kyau shi ne a cusa wa ramin haƙori ruwan batir, ko garin taba, ko a danne ƙwayar asfirin a kan dasashi: suna ƙona nama, ruɓar kuwa tana nan. Haka ƙwayoyin da masu yawo da magani ke sayarwa. Suna kwantar da zafi, ƙurji yana ci gaba a ƙarƙashi. In kumburi ya kama hanyar ido ko ya gangara wuya, in baki ya ƙi buɗuwa, in haɗiya ta yi wuya, ga zazzaɓi, to ba maganar gobe ba ce. A ɗaura amalanke ko da tsakar dare ne, don irin wannan kumburi yana toshe numfashi.

Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 kuwa, mai rama, in dasashinsa yana jini, bakinsa yana wari, kunci ya fara kumbura, a kai shi a ranar. Tana yiwuwa farkon cutar zaizayar baki ce, wadda a asibiti ake kira noma (ba noman gona ba, suna ne ya zo ɗaya). Da fari magani yana tsai da ita, in an makara tana cinye fuska cikin ƴan kwanaki. A Damagaram ƙungiyar Sentinelles tana kula da irin waɗannan yara tun 1992, kuma a watan Disamba na 2023 OMS ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci, waɗanda ya wajaba a tashi a yaƙe su.

Saura kunya. Mutanenmu suna jin nauyin tambayar ma'aikaci, kada a ce sun raina shi, ko ya yi fushi ya ƙi yi musu aiki. Amma mun taɓa wuce irin wannan. Kafin a fara wayar da kai game da sida, aska guda ke aske unguwa. Yau mutane da yawa suna zuwa wurin wanzami da sabuwar rezarsu, ko su ce ya ɓare sabuwa a gabansu, ba wanda ke jin an zage shi. Mai sayen iri yana buɗe buhu ya duba. Mai sayen sa yana buɗe bakinsa ya ƙirga haƙora. Don me mai baki zai ji kunyar tambaya a kan bakinsa? Ba sai an ɗaga murya ba. Bayan gaisuwa, mutum ya ce: «Lokotoro, don Allah kada ka ga laifina, kayan nan an turara su?» Wanda ke yin aikinsa daidai ba ya jin haushi, sau da yawa ma daɗi yake ji ya nuna maka. Wanda ya harzuƙa kuwa, ka riga ka sami amsarka.

Nauyin ba na marar lafiya kaɗai ba ne. Ba a buɗe gidan likita mai zaman kansa sai da izinin ma'aikatar kiwon lafiya. To izinin nan a rataye shi a bango inda kowa zai karanta, tun da yanzu muna karatu. Masu bincike na ma'aikata kuma kada su tsaya ga ranar buɗewa. Su riƙa komowa ba tare da sanarwa ba, su nemi littafin da ake rubuta kowace turarawa, da ranarta da zafinta da sunan wanda ya yi ta, su gwada tukunyar da kansu. Duk ma'aikacin da ke sa hannu a bakin mutane, har da mai wanke kaya, a yi masa rigakafin ciwon hanta B, allura 3 ne.

Ku kuma da jama'a ta zaɓa cikin kwamitin kula da gidan likita, kuɗin da marasa lafiya ke biya yana bi ta hannunku. A taronku na gaba, kafin a zo maganar fenti da kujeru, ku tambayi majo kwali nawa na safar hannu ya saura, yaushe aka gyara tukunyar turara kaya, kuma da me ake turarawa ranar da babu wuta. Akwai irin tukunyar da ake ɗorawa a kan gas ko risho. In gidan likitarku ba shi da ita, ku rubuta ta a kan layin farko na abin da za a saya bayan kaka.